Tambayoyinku: Furanni da Ganyayen Kaka a Lambun Kew na Landan

Wasiƙu da dama sun zo mana wannan karon a kan lambun Kew da ke kudu maso yammacin Landan, wanda aka kafa a 1759, UNESCO kuma ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Mun zaɓi guda biyar.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ban daɗe da zuwa Landan ba. Ana ta ce mini in je Kew in ga kaka. Yaushe ya fi dacewa, kuma me zan tarar?

Amsa: Malam, kakar Ingila ba ta jira. Idan furanni kake so, ka je daga farkon Satumba zuwa farkon Oktoba. Idan launin ganye ne, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Wanda ya bari sai ƙarshen Nuwamba, rassa tsirara zai tarar da ganye a ƙasa.

Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin District ka sauka a tashar Kew Gardens, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa ƙofar Victoria. Ana buɗewa da ƙarfe 10 na safe, lokacin rufewa kuwa yana matsowa yayin da rana ke gajarta. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, daga nan magariba kan yi kafin ƙarfe 5. Wanda ya shiga bayan azahar bai ga komai ba, don filin ya kai eka 300.

Fara da doguwar hanyar da ake kira Broad Walk, inda aka jera kwamin furanni dama da hagu tsawon mita 320. Nan za ka ga furen asta mai launin shunayya da ƙwayar rawaya a tsakiya, da salbiya. Sannan ka riƙa duba gindin manyan bishiyoyi, abin da yawancin baƙi ba sa yi: akwai wani ɗan fure mai ruwan hoda, Cyclamen hederifolium a rubuce a allonsa, yana fitowa daga busasshiyar ƙasa kafin ganyensa ya bayyana. Kada ka wuce tsohuwar bishiyar ginko da aka shuka wajen 1762. Ganyenta kamar ƙaramin mafici, ya koma rawaya zalla, ya zube cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma gada mai tsawon mita 200 da aka ɗaga mita 18 sama, ka yi tafiya daidai da kan bishiyoyi. Idan ruwa ya sauko, kuma zai sauko, ka fake a gidan gilashin Palm House da aka kammala a 1848. Ciki zafi da gumi kamar kurmin kudancin Najeriya, har da kwakwar manja da koko da ayaba.

Tambaya: Me ya sa ganye a can yake komawa ja da rawaya kafin ya zube, namu kuwa sai dai ya bushe kawai?

Amsa: Wannan tambaya ta fi sauran daɗi, don haka za mu ɗan tsaya a kanta. Koren da ke cikin ganye sinadari ne da ake kira kulorofil, shi ke kama hasken rana itace ya haɗa abincinsa. A Landan tsawon yini yakan wuce awa 16 a ƙarshen Yuni, ya faɗo ƙasa da awa 8 a ƙarshen Disamba. Da itace ya ji rana tana gajarta, sanyi yana shigowa, sai ya fara wargaza kulorofil, ya janye amfanin da ke cikinsa zuwa rassa da saiwa ya adana. Kore na gushewa, rawaya da ruwan goro su bayyana. Su dama suna cikin ganyen tun farko, kore ne ya rufe su, kuma dangin sinadarin da ke ba karas launinsa ne.

Ja kuwa daban ne. Sabo ake ƙera shi a kakar, daga sukarin da ya maƙale a ganye, kuma dangin sinadarin da ke sa zoɓo ja ne. Shi ya sa shekaru ba sa zama ɗaya. Idan an samu rana mai haske da dare mai sanyi, amma sanyin bai kai ga daskarar da raɓa ba, jan yakan yi ƙarfi. Idan sama ta yi ta lulluɓe da hadari, dare kuma da ɗumi, launin yakan dushe. Iska mai ƙarfi ta dare ɗaya tana iya kakkaɓe komai kafin a gani. Daga ƙarshe itace yakan toshe wurin da ganye ya haɗu da reshe, ganyen ya faɗi, ba a bar rauni a buɗe ba.

A ƙasar Hausa tsawon yini ba ya canzawa sosai, a Kano bambancin bai kai awa biyu ba duk shekara. Abin da ke sa kuka ta zubar da ganye rashin ruwa ne, ba sanyi ba. Gawo ma ya juya lissafin gaba ɗaya, ya zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Ko kalmar ta bambanta: mu kaka girbi take nufi, su kuwa ganye mai zuba suke kallo.

Tambaya: Na zo wurin 'yata, ina so in kai jikokina uku lambun. Akwai abin da zai ɗauke musu hankali? Akwai abin tsoro?

Amsa: Hajiya, akwai duka biyun. An buɗe lambun yara a cikin Kew a 2019, na 'yan shekara 2 zuwa 12, da wuraren hawa da yashi da ruwa. An yarda a shiga da abinci daga gida a ci a kan ciyawa, sai dai a tafi da leda ko tabarmar roba, don ƙasa a jiƙe take. A sa musu takalmi mai rufi da rigar ruwa. A ƙarshen Oktoba makarantu kan ba da hutun mako ɗaya, cunkoso yakan yi yawa, gara a sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Daga tsakiyar Nuwamba kuma ana kunna fitilun ado da dare, amma tikitinsa daban.

Abin tsoro uku ne, dukansu ta baki suke shiga. Na farko, 'ya'yan itacen da yaran Ingila ke kira konka, masu sheƙi kamar goro. Ana wasa da su, ba a ci, suna sa amai da ciwon ciki. Suna kama da wani iri da ake gasawa a ci, amma kwanson na ci yana cike da ƙaya siririya kamar bushiya, na konka kuwa ƙayarsa gajeru ce, jefi-jefi. Na biyu, naman kaza, wato laimar kwaɗi. Kaka ce lokacinsa, kuma akwai wani mai hula kore-kore da ke fitowa a gindin itacen da Turawa ke kira oak, Amanita phalloides. Mugun abinsa shi ne wanda ya ci ba ya jin komai sai bayan awa 6 ko fiye, lokacin gubar ta kama hanta. Dafawa ba ta kashe gubar. Na uku, furen Colchicum, mai ruwan hoda, da ke fitowa daga ƙasa ba ganye. Yana kama da furen za'afaran, wanda shi ma a kaka yake buɗewa, amma kowane sashe nasa guba ne. Idan yaro ya haɗiye ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauki hoton abin, a garzaya asibiti, kada a jira alama. Ka'idar lambun ma ta hana tsinkar fure ko hawa bishiya.

Tambaya: Zan dawo Kano a Disamba. In sayo albasar furen tulip da saiwar daliya in shuka a gida?

Amsa: Tulip kam, ka bar kuɗinka. Albasarsa sai ta sha sanyi ƙasa da digiri 9 na makonni 12 zuwa 16 kafin ta fitar da fure, hunturun Kano kuwa sanyin dare ne, rana na fitowa ya watse. Za ka iya ajiye ta a firji tsawon wannan lokaci, nesa da 'ya'yan itace don iskar da suke fitarwa tana lalata furen da ke ciki, amma fure ɗaya za ka samu na 'yan kwanaki, badi babu. Da wutar lantarki mai ɗaukewa, ko wannan ba tabbas. Daliya asalinta tsaunukan Meziko ne, tana son dare mai sanyi, don haka ta fi dacewa da Jos ko Mambila. A Kano zafin bazara zai ƙone ta. Sannan shigo da tsiro ko iri yana buƙatar takardar shaidar lafiyarsa da izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona. A ganinmu zinniya da bogenbiliya da furen kalandula na gida sun fi maka riba.

Tambaya: Ina zaune a bene a Birmingham, baranda kawai gare ni. Me zan shuka yanzu da kaka?

Amsa: Malama, albasar furannin da ke buɗewa bayan sanyi ya wuce. Dafodil a Satumba ko Oktoba, tulip sai Nuwamba, saboda ƙasa mai sanyi tana rage cutar da ke ƙona ganyensa. Nemi tukunya mai zurfin santimita 30, da huda a gindi. Gauraya kashi uku na ƙasar shuka da kashi ɗaya na tsakuwa ƙanana. Matsa kowace albasa da yatsa, wadda ta yi laushi ko ta yi fumfuna a yar. Binne ta zurfin ninki uku na tsayinta, tsinin yana kallon sama, a bar tazarar faɗin albasa ɗaya tsakaninsu. Zuba ruwa sau ɗaya sosai, daga nan ruwan sama ya isa, sai in barandar a rufe take.

Abu biyu ke ɓata aikin. Ruwan da ya kwanta a gindi yana ruɓar da albasa, don haka a ɗora tukunyar a kan bulo biyu, kada a sa mata faranti a ƙasa. Sai kurege, wanda ke tone tulip ya cinye. A rufe bakin tukunyar da ragar waya har tsiro ya leƙo. Kurege ba ya taɓa dafodil saboda yana da guba, kuma wannan ne dalilin da ba a ajiye albasarsa a kicin kusa da ta miya.