Ƙanena ya rasu a bayan kanta, wace majalisa za mu kai wa kuka?

TAMBAYA: Barista, assalamu alaikum. Ƙanena mai gyaran waya ne, shekararsa 24. Jami'an tsaro sun kama shi ranar wata Talata da daddare kan zargin ya sayi wayar sata. Ranar Laraba na kai masa abinci, na gan shi tsaye da ƙafafunsa, har yana cewa in gaya wa Inna kada ta tayar da hankalinta. Alhamis aka hana ni ganinsa. Juma'a da safe aka kira yayanmu wai ya zo asibiti, ciwon ciki ya taso wa yaron cikin dare. Gawa muka tarar. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce akwai shatar igiya a wuyan hannayensa biyu, bayansa kuma duk rauni. Bayan an sauko daga masallaci aka yi masa sutura. Yau wata huɗu ke nan. Wani maƙwabcinmu ya ce mu kai kuka majalisa. Wace majalisar, ta jiha ko ta Abuja? Kuma suna iya hukunta wanda ya yi wannan aiki? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba Inna da ku duka haƙurin wannan rashi.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don kada ki ɗora rai inda ba za a biya ki ba. Majalisa ba ta ɗaure kowa, ba ta korar ɗan sanda daga aiki, ba ta yanke diyya ta tilasta a biya. Abin da kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta a sashe na 88 da na 89 shi ne ikon bincike. Tana iya kiran kowane mutum a Najeriya ya zo ya ba da ba'asi, ta nemi a kawo mata takardu, in mutum ya ƙi zuwa ta ba da sammacin a kawo shi. In ta gama, sai ta zartar da ƙuduri, shi kuwa ƙudurin majalisa shawara ce ga ɓangaren zartarwa. Ko kiran ma ba kullum ake amsawa ba. A 2018 majalisar dattawa ta kira Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Ibrahim Idris, har sau uku bai je da kansa ba. Sanatoci suka fusata suka ayyana cewa bai cancanci riƙe muƙami ba, amma ya ci gaba da zama a kujerarsa har Janairun 2019. Kuma kin ga wa ake ba sammacin majalisa ya aiwatar? Ɗan sanda.

Duk da haka ban ce kada ku je ba. Amma ta Abuja za ku nufa, domin tsarin mulki ya sa harkar 'yan sanda a hannun tarayya kaɗai. Majalisar jiha tana iya gayyatar kwamishinan 'yan sanda, ya zo don mutunci ko ya turo wakili, ba ta da abin matsa masa. A Abuja kuwa majalisar wakilai da ta dattawa kowace tana da kwamitin sauraron koke-koken jama'a, kowace kuma tana da kwamitin harkokin 'yan sanda. Takardar koke ba ta shiga da kanta. Ɗan majalisa ne zai miƙe a zauren ya gabatar da ita, sannan a miƙa wa kwamiti. Don haka ku nemi wakilin mazaɓarku. Ku rubuta takardar a taƙaice: ranar kamu, wanda ya kama, ranar da kika gan shi da rai, abin da ya faɗa miki, sa'ar da aka kira yayanku, asibitin da aka kai shi, da sunayen waɗanda suka yi wanka. Ku faɗi abin da kuke so a yi ƙarara. Wani abu kuma da mutane ba sa sani sai sun isa can: in magana tana gaban kotu, kwamiti ba ya taɓa ta. Saboda haka ku zauna da lauya ku tsara wanne za a fara.

To mene ne amfanin zuwan? Amfaninsa takardu. A caji ofis akwai littafin da ake rubuta shigar kowane wanda aka tsare da fitarsa, akwai jerin waɗanda ke bakin aiki kowane dare. Ke ko ni in muka nema, za a ce mu dawo gobe har mu gaji. In kwamiti ya nema a rubuce, dole wani babba ya zo da su ko ya yi bayanin inda suka shiga, a gaban 'yan jarida. Na taɓa raka wani dattijo irin wannan zama. Ya sayar da tumaki biyu ya yi kuɗin mota, muka je sau uku ana ɗagewa don waɗanda ake ƙara ba su zo ba. A zama na huɗu suka zo da littafin, sai ga shi an rubuta an kai ɗansa asibiti ƙarfe 2 na dare, alhali takardar asibiti ta nuna an karɓi gawa ƙarfe 7 na safe. Wannan tazarar ta awa biyar ita ce ta riƙe mana shari'ar daga baya a kotu. Rahoton kwamitin kuwa har majalisar ta ƙare wa'adinta ba a karanta shi a zaure ba.

Hukunci da diyya suna wasu ƙofofin. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wanda ke hannunsa azaba, in kuma azabar ta kai ga rasa rai, shari'ar kisan kai za a yi masa. Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ita ke da ikon ladabtarwa da kora. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofisoshi a jihohi, kai ƙara wurinta kyauta ne, kuma tun gyaran dokarta na 2010 tana iya yanke diyya. Sai babbar kotu, inda dangi ke iya shigar da ƙarar take haƙƙin rayuwa da na mutuncin ɗan Adam a ƙarƙashin sashe na 33 da na 34 na tsarin mulki. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun ce daɗewar lokaci ba ya kashe ta. Kada ki ce ba a taɓa cin nasara ba. Baba Fugu, surukin Muhammad Yusuf shugaban Boko Haram, ya kai kansa wurin 'yan sanda a Maiduguri a Yulin 2009, bai fito da rai ba. Iyalansa suka je kotu, a 2010 Babbar Kotun Jihar Borno ta yanke musu diyyar naira miliyan 100, aka biya a 2012. Ba majalisa ce ta ba su ba.

Yanzu ga inda yake mini ciwo, kuma ba laifinku nake gani ba. Mu mutane ne masu gaggauta sutura, haka addini ya koya mana, kuma masu azabtarwa sun san da haka. Da zarar an rufe kabari, babbar shaida ta shiga ƙasa. Dokar binciken musabbabin mutuwa da jihohin Arewa suka gada ta tanadi cewa in mutum ya mutu a tsare, majistare ya zauna ya bincika yadda aka yi, likita ya duba gawa. Sau nawa kika ji an yi? Yawanci sai a miƙa wa dangi gawa tare da ta'aziyya, wani lokaci har da kuɗin likkafani, kowa ya ce an bar wa Allah. Majistaren yana da ikon ba da umarnin tono gawa. Wannan shawara ce mai nauyi da za ku yi tsakaninku da malamanku, ba zan tura ku ba. Abin da zan matsa muku a kai shi ne masu wankan nan: a kai su kotu su yi rantsuwa a rubuce kan abin da idonsu ya gani, tun ba su fara mantuwa ko jin tsoro ba. Ku nemi kwafin katin asibiti da takardar shaidar mutuwa. In akwai wanda aka tsare tare da shi a daren Alhamis ɗin, ku nemo shi. Wannan dokar ta binciken mutuwa kuwa ta jiha ce, a nan ne ɗan majalisar jiharku yake da aikin yi: ya sa a gyara ta yadda likita zai duba gawar wanda ya mutu a tsare cikin 'yan sa'o'i, a ɗauki hotuna, a ba dangi su yi jana'iza a ranar.

Laifin da nake ɗora wa 'yan majalisar tarayya shi ne jiran sai an kawo musu kuka ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara shugabannin jami'an tsaro suna zuwa gabansu kare kasafin kuɗi. Me zai hana a ce musu: kafin mu sa hannu, kawo mana adadin waɗanda suka mutu a hannunku bara, ofis-ofis, da abin da aka yi a kan kowanne? A Afirka ta Kudu, dokar 2011 ta wajabta wa 'yan sanda sanar da wata hukuma mai zaman kanta, IPID, duk mutuwar da ta auku a hannunsu, da rahoto a rubuce cikin awa 24, ita kuma ta kai lissafin majalisa duk shekara. A Amurka akwai dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2014 mai ba da damar yanke wa jihar da ta ƙi kawo lissafi har kashi 10 cikin 100 na wani tallafin tarayya. Ko da wannan dokar, a Satumbar 2022 kwamitin Sanata Jon Ossoff ya gano kusan mutum 1,000 da suka mutu a tsare a 2021 ba su shiga lissafin gwamnati ba. Sun gano ne don akwai lissafin da za a kwatanta da shi. In kun samu ganin wakilinku, bayan ya karɓi takardar ku tambaye shi ko ya taɓa neman irin wannan adadi.

TAMBAYA: Barista, ɗana yau kwanansa tara a tsare, ba a kai shi kotu ba, an ce in kawo naira dubu 80 kuɗin beli. Daga wani mahaifi.

AMSA: Baba, kada a ƙara kwana. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai fa in zargin laifi ne mai hukuncin kisa ko kuma kotu ce ta ba da izinin ci gaba da tsarewa. Beli a caji ofis ba a biyan ko kwabo. Dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ɗora wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata, yana kuma iya ba da beli a nan take. Gobe da safe ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi Kyauta ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku, ka ce a rubuta wa babban majistaren yankin. Kafin nan, a riƙa kai masa abinci kullum, wanda ya kai ya nace sai ya gan shi ido da ido, ya kuma rubuta rana da sa'a.