Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu suna farfaɗowa?

Tambaya: Likita, ni ɗalibar aikin jinya ce. Mahaifina ya faɗi a tsakar gida, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Sai da aka kwana biyu ana masa hayaƙi kafin a kai shi asibiti. Yanzu wani mai magani ya ce yana da jiƙon da zai tayar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa da suka mutu, yayyena har sun fara haɗa kuɗi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Zai yiwu?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yata. Alamun nan na shanyewar ɓarin jiki ne. Tayar da matattun ƙwayoyi ba zai yiwu ba, kuma tunda kin san aikin ATP, sinadarin da ke ba ƙwaya ƙarfin aiki, ga dalili.

Da gudan jini ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, oksijin ya yanke, cikin 'yan mintoci ATP ya ƙare. Famfon fitar da sodiyam (sinadarin gishiri) daga cikin ƙwaya, wanda da ATP yake aiki, ya tsaya, sodiyam ya kwarara ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura. Har nan da sauran gyara. Kalsiyam ne ke ƙarasa ta. Ƙwayoyin da suka galabaita suna zubar da gulutamet, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, shi kuma ya buɗe wasu ƙofofi da ake kira NMDA a jikin maƙwabtansu, kalsiyam ya cika su, ya tayar da sinadaran da ke cinye fatar ƙwayar, su tsinka furotin, su daddatse DNA. Wasu ƙwayoyin fashewa suke yi, wasu kuma wani furotin mai suna sitokurom c ne ke tsiyayowa daga maitokondiriya (injin samar da ATP na ƙwaya) ya kunna kasfes (sinadaran da ke rusa ƙwaya daga ciki), ƙwayoyin su kashe kansu a hankali. Bayan makonni an kwashe gawar, wurin ya zama kogo mai ruwa. Babu abin da ya rage da jiƙo zai tayar.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwana biyun nan. Kullum sai na ji "marin aljani ne", "iska ce ta shafe shi", "a bari a gani zuwa safe". Tsakiyar wurin da jini ya yanke yana mutuwa cikin mintoci, amma gefensa yana nan a kumbure, da rai, yana jiran jini na wasu sa'o'i. Shi muke tseren ceto. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana rasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 kowane minti. Allurar narkar da gudan jini kuwa cikin awa huɗu da rabi daga farawar ciwon ake yin ta. Ga kuma saƙon da ke yawo a WhatsApp, wai a huda yatsun mutum da allura jini ya fita. Ƙarya ce, ɓata lokaci ne. Masu ɗura wa mara lafiya ruwa ko kunu alhali haɗiya ta gagara, huhu suke cika masa. Asfirin ma ba a bayarwa sai hoton ƙwaƙwalwa na CT ya nuna ba fashewar jijiya ba ce. Addu'a ba mu hana ba, wallahi, a yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti.

Ki kuma faɗa wa yayyenki wannan: Baba zai iya samun sauƙi a watannin farko, domin kumburi na sacewa, ƙwayoyin da suka tsira kuma suna koyon aikin waɗanda suka mutu. Wannan sauƙin mai jiƙo yake jira ya ce nasa ne. Kuɗin nan a kai su gashin ƙashi, a sayi maganin hawan jini, a riƙa juya shi a gado duk bayan awa biyu kada ya yi gyambo.