Tsaunuka kaɗai ba su isa bayanin tsohuwar Girka ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne tsaunuka ne suka hana Girkawan dā haɗuwa ƙarƙashin sarki ɗaya, kuma su wa suka riga su zama a can. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ita ke nan ba. Duk shekarun da zan ambata na kafin Miladiyya ne, ban da 1952.

Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar tsaunuka ne, filin noma sai ɗan kwari nan, ɗan kwari can. A Atika, yankin da Atina take, ruwan sama bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Alkama ba ta jure wannan, shi ya sa suka fi shuka sha'ir, gangaren duwatsu kuma aka bar wa zaitun da inabi. Zaitun sai ya yi shekaru kafin ya fara ba da 'ya'ya, don haka idan maƙiyi ya sare maka shi, asarar ba ta shekara ɗaya ba ce. Mai man zaitun da ba shi da hatsi dole ya nemi kasuwa, hanyar kasuwar kuwa teku ce.

A ganina teku ta fi tsauni tasiri. A tekun Ijiyan tsibirai suna jere, matuƙi kan baro wannan yana hangen wancan. Ana tafiya daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, da hunturu a ja jirage tudu saboda guguwa. Abin ya daɗe: a kogon Faranti an tono baƙin dutse mai kaifi da aka ɗauko daga tsibirin Melos tun kafin a fara noma a yankin.

Su wa suka riga su? A tsibirin Karita akwai mutanen da masu bincike suke kira Minowa, waɗanda suka gina fadar Kinosos wajen 1900. Har yau ba a iya karanta rubutunsu ba. Wajen 1450 mutanen Maisini daga babban yankin ƙasar Girka suka karɓe Kinosos, suka ari salon rubutun suka rubuta harshensu. Wani Baturen Ingila, Michael Ventris, ya warware wannan rubutun na mutanen Maisini a 1952, sai ga shi Girkanci ne. Abin da ke kan allunan yumɓun ba waƙa ba ce, lissafin fada ne: tumaki nawa, tulun mai nawa, tagulla nawa aka auna wa kowane maƙeri. Wato sarauta ce mai riƙe da komai, alhali tsaunukan suna nan yadda suke.

Wajen 1200 fadojin suka ƙone ko aka watse daga cikinsu. Masana suna kawo fari, yaƙi, girgizar ƙasa da yankewar cinikin kuza, wadda sai da ita ake haɗa tagulla. Rubutun ya mutu da fada, domin magatakardanta kaɗai suka iya shi. Sai bayan shekara wajen 400 Girkawa suka ari baƙaƙen Finikiyawa, mutanen gaɓar Labanan ta yau, suka ƙara musu wasula. Daga ƙauyukan da suka rage ba babban sarki a kansu ne birane masu cin gashin kansu suka taso, har suka kai wajen 1,000.

Ga inda hujjar tsauni take rauni. Biyotiya, maƙwabciyar Atika, fili ce, amma biranenta da yawa, kullum cikin jayayya da Tibis, babban birninta. Atika kuwa duwatsu sun ratsa ta, amma faɗinta na murabba'in kilomita 2,500 ya zama ƙasa ɗaya. Mu ma Kano, Katsina da Zazzau ba tsauni tsakaninsu, harshe ɗaya, kowa da sarkinsa.

Ƙarancin ƙasa matsala ɗaya ce, amma kowane birni da maganinsa. Koranti, mai zaune a wuyan ƙasa mai faɗin kilomita 6 tsakanin teku biyu, ta tura mutane suka kafa Sirakus a Sisili wajen 733. Mutanen tsibirin Tira suka kafa Sairin a Libiya wajen 631, bayan fari mai tsanani inji marubucin tarihi Herodotus. Isparta ta haye dutsen Taigetos ta ci Mesiniya, ta mayar da mutanenta bayin gona, tsoron tawayensu kuma ya sa kowane ɗa namiji na Isparta ya zama soja.

Atina ta dogara da hatsin Bahar Aswad. Da aka dace da azurfa mai yawa a Loriyon a 483, Temistokilis, wani jagoran Atina, ya sa aka ƙera jiragen yaƙi da ita, kowanne da masu tuƙi 170, yawanci talakawa. Jiragen nan ne ƙashin bayan nasarar da aka yi kan Farisa a Salamis a 480, kuma talakan da ya tuƙa jirgi ba ya yarda a hana shi baki a majalisa. Raunin tsarin shi ne mashigar Helesfon, inda hatsin yake bi. A 405 Lisanda na Isparta ya kame jiragen Atina a can, ya toshe hanyar, yunwa ta sa birnin ya miƙa wuya a 404.