Hukuncin Asusun Fansho ga Mai Ƙaramin Aiki

Tambaya: Malam, ina aikin shara a wani ofis awa uku kullum, albashin bai taka kara ya karya ba. Ana yankar wani abu zuwa asusun fansho na gwamnati, amma doka ta ba ni damar cike takarda in fita. Wani ya ce min inshora caca ce. Maigidan kuma ya ce in na yarda ya riƙa biyana a hannu babu rajista, zai ƙara min. Me zan yi?

Amsa: Bismillah. Wanda ya gaya maka haka ya haɗa abu biyu da malamai suka raba. Inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar da kariya don riba, ita ce Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta haramta a zamanta na Jidda a 1985, saboda garari, wato jahiltar abin da za a samu. A hukuncin nan ta halatta inshorar taimakekeniya. Tun a 1965 taron Majalisar Bincike ta Azhar a Alƙahira ya ce tsarin fansho da inshorar al'umma na gwamnati halal ne.

Dalili kuwa, ba ciniki ba ne. Ana tarawa ne don tsoho da naƙasasshe da marayu, garari kuma ana yafe shi a kyauta. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa, wata ƙabila daga cikin sahabbansa: in guzuri ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a tufa guda su raba daidai, ya ce: "Su nawa ne, ni nasu ne." Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wani ya zuba kaɗan ya ɗebi da yawa, ba a kira shi riba, wato kuɗin ruwa, ba.

Fita ta halatta tunda doka ta yarda, amma ban ba ka shawara ba sai in abincin iyali zai taɓu. Watannin nan da kake zuba ɗan abin da ake yanka, su ake lissafawa a biya ka fansho ranar da ƙarfi ya ƙare.

Tayin maigida kam, kada ka karɓa. Yaudarar hukuma ce, kuma kason da shi ma zai zuba maka a asusun yake gudu. Ka zame a bene ka karye, sunanka ba ya cikin kowane littafi.

Babu zakka a kuɗin asusun sai sun shigo hannunka. Allah ne mafi sani.