Mutumin da kuka ɗaga da kekensa

Toh yarona, na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba ne saboda muna kan lissafin kuɗin ƙofa har wajen sha ɗaya. Ka ce ranar Asabar wani bawan Allah ya zo kallon wasa a kan keken guragu, ku huɗu kuka taru kuka ciccibe shi da keken gaba ɗaya kuka haura da shi matattakala ukun nan na bakin hol, maimakon ya gode sai ya haɗe rai ya ce wa ya ce ku taɓa shi, har aka tashi bai sake kallon inda kuke ba. Shine kake tambaya wai Oga ina laifinmu, ai taimako muka yi.

Ba ku tambaye shi ba, laifin kenan. Kai ka ɗauka a ce ka ci ado ka fesa turare ka zo da matarka ko abokanka, kana isowa ƙofa sai ƙarti huɗu su sungume ka sama kamar buhun masara a gaban jama'a, kowa ya juyo yana kallo, wasu har da ɗaga waya. Ya za ka ji? Keken nan da kake gani ƙafarsa ce, wanda ya kama keken ba izini kamar ya kama masa ƙafa ne. Kuma ban da zancen mutunci akwai haɗari, don na tabbata a wajen ɗora hannu da wajen ɗora ƙafa kuka kama, su kuwa a yawancin kekuna cirewa ake yi, ka ja da ƙarfi su zare a hannunka mutum ya kifa da fuska a kan siminti. Allah ne ya tsare ku. In har dole sai an hau da shi, kuma ya yarda, mutum biyu sun isa: a juya keken ya ba matattakala baya, na baya ya riƙe mariƙin ya kwantar da shi kaɗan a kan manyan tayoyin, na gaba ya riƙe ƙarfen jikin keken, a hau ɗaya bayan ɗaya, shi kuma mai keken shi ke ba da umarni don ya fi ku sanin abinsa. In mai batir ne ma kar ku soma, wani ya haura kilo 100 shi kaɗai ba mutum a kai.

Kar ka ji kamar ina maka faɗa daga sama, ni nawa ya fi naka muni. Ina sabon shiga aikin nan an ajiye ni a ƙofa ina yage tikiti, sai ga wani dattijo makaho da sanda, yaro na jan shi. Ko gaisawa ba mu yi ba na ce masa baba a yi haƙuri, Allah ya ba mu mu samu. Mutumin nan bai ce min komai ba, ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro tikiti biyu na layin farko, masu tsadar, ya miƙo saitin muryata. Ashe malami ne, ɗalibansa ne ma ke wasan ranar. Wallahi har yau in na tuna yadda ya riƙe tikitin nan a iska yana jira in karɓa sai in ji kunya ta rufe ni. Mu a nan mun saba ganin makaho da gurgu a bakin masallaci da danja, sai ido ya saba, duk wanda ya zo a haka sai hannu ya tafi aljihu ko baki ya tafi ba da haƙuri. Wanda ya zo ƙofarmu kuwa kuɗinsa ya biya, kujera ya saya kamar kowa, kuma in ya ji daɗi zai dawo da mutum biyar.

Amma fa in za a bi gaskiya, asalin laifin na ginin ne da mu manya da muka bar matattakalar nan haka. Akwai doka a kai. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. A cikinta akwai tarar naira dubu 100 ko wata shida a gidan yari ga mutum ɗaya in ya nuna wariya, kamfani kuma miliyan ɗaya, kuma ta ce in ana layi a fara sallamarsu. So in ka ga mai sanda a layin tikiti ka fito da shi gaba, wanda ya yi ƙorafi ka faɗa masa doka ce, da fara'a.

Gangarar da za a yi a wajen kuma kar ka bari birkila ya yi mana irin wadda ake yi don tura babur cikin shago. Ƙa'idar da ake bi, wadda take a dokar masu buƙata ta musamman ta Amurka ta 1990 kuma kusan ko'ina ita ake kwafa, duk tashin santimita ɗaya a ba shi tsawon santimita 12. Matattakalarmu uku ce, kowace kamar santimita 15, ka ga 45 kenan, gangarar za ta ci mita biyar da santimita 40. Mutane in sun ji haka sai su ce kai ina, ai ta cinye filin. Eh haka take. In ka gajarta ta mai keke ba zai iya tura kansa ba, in yana saukowa kuma sai dai ya tsinci kansa a jikin motar wani. Ƙofa kuma kar faɗinta ya gaza santimita 81 in an buɗe, 90 ya fi, banɗaki a samu fili kamar mita ɗaya da rabi da keke zai juya. Sannan ka tuna mu a nan ba irin keken asibiti kaɗai ke zuwa ba, akwai mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda waɗanda shan inna ta taɓa suka fi hawa, shi dogo ne ba ya juyawa a lungu, galibi mai shi zai so ya ajiye shi a waje ya ƙarasa da sanduna ko da hannu. Toh ka nuna masa inda za a ajiye a idon mai gadi, kuma ƙasan da zai bi ya zama a share yake ba ruwan leda ba ɓawon gyaɗa.

Wurin zama shi ne inda aka fi cutar su ba a sani ba. Sai a tura mai keke can ƙurya bayan lasifika, ko a dasa shi a tsakiyar hanya kowa na wucewa yana bugun shi, matarsa kuma a kai ta layi na goma. Wa ke zuwa kallo don a raba shi da wanda suka zo tare? Cire kujera biyu a bakin layi, wajen da ƙasa take a daidaice, fili kamar santimita 90 a faɗi da 120 a tsawo, ka bar kujera ɗaya a gefensa ta abokin tafiya. Ka zauna a wajen da kanka ka sa wani ya miƙe tsaye a gabanka, don mutanenmu in waƙa ta yi daɗi ko an fara liƙi tashi suke yi, shi kuma da ba zai tashi ba sai ya ƙare da kallon bayan riguna. In ya ce zai koma kujerar hol a ɗauke keken, kar a kai shi sito a kulle, ya san inda yake, kuma kai da ka ɗauke kai za ka dawo da shi lokacin hutu ba sai ya aika ba.

Makaho kuma ka fara da sallama ka faɗi ko kai waye, ni ma'aikacin hol ne, in raka ka? Da shi za ka yi magana, ba ɗan jagoransa ba, ba abin da ke ƙona musu rai irin a tsaya a gabansu ana tambayar yaro me yake so. In ya yarda ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, kana gaba da rabin taki, ba ka kama masa sanda ba ka tura shi ta baya, in an zo matattakala ka ce hawa ne ko sauka kuma guda nawa, in an iso ka ɗora hannunsa a bayan kujerar shi zai zauna da kansa. In mace ce ka kira ɗaya daga cikin 'yan matan da ke aiki da mu, wannan ba sai na faɗa maka ba. Kuma in za ka tafi ka ce na tafi, kar ka bar mutum yana zuba da iska.

A Ingila sun yi nisa a wannan, akwai ƙungiyar VocalEyes da ke sa mutum yana bayyana wa makafi abin da ke faruwa a dandamali ta na'urar kunne, akwai Stagetext da ke rubuta maganar 'yan wasa a allo saboda kurame. Ba mu da kuɗin na'urorinsu, amma akwai abu ɗaya da suke yi wanda ko sisi ba ya ci: kafin a fara wasa da kamar awa ɗaya a hau da makafi dandamali su taɓa kayan wasan, su shafa rawani da alkyabbar mai fitowa a sarki, 'yan wasa su gaisa da su kowa ya faɗi sunan da zai fito da shi don su riƙe muryoyin. Na gwada sau biyu, darakta ya fara da ƙunƙuni wai ana ɓata masa shiri, daga baya shi ke tambaya yaushe za su sake zuwa.

Kurame kuwa kar ka yi musu ihu, ba ya ƙara komai sai kunya. Ka fuskance shi, ka cire hannu daga baki, ko ka rubuta a waya ka nuna masa. In za a ɗauko tafinta a tambaya tukuna wace irin maganar hannu suke yi, don wadda ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, tun zuwan wani malamin kurame Ba'amurke, Andrew Foster, Ibadan a 1960, ita kuma maganar hannu ta Hausa da kuramen Kano suka gada daban take, wanda bai yi boko ba zai iya zama tafinta na ta yi shi bai kama rabi ba. Tafintan ya tsaya gefen dandamali da fitilarsa shi kaɗai, ka ja kunnen mai fitilu kar ya kashe ta in an shiga fitowar dare, su kuma a ba su layin gaba ta ɓangarensa.

In wasan akwai fitila mai walƙiya ko ƙarar bindiga a rubuta a ƙofa kuma a faɗa da baki wajen sayar da tikiti, saboda masu farfaɗiya da masu ƙananan yara. Uwar da ɗanta ke firgita da ƙara ka ba ta bakin layi kusa da ƙofa, ta fita ta dawo yadda take so, kar wanda ya harare ta.

Sai babban abin da ya fi damuna, ɗauke wuta. Ka san tsakanin NEPA ta ɗauke da janareto ya tashi akwai ɗan lokacin nan da hol ke yin baƙi ƙirin, mutane su fara ihu da haska waya, wasu su miƙe. A wannan lokacin kurma ba ya jin sanarwar da ake yi a zauna lafiya, mai keke kuma yana bakin hanya inda za a fara turereniya. Shi yasa nake sa ku riƙe tocila a aljihu ba a jaka ba, kuma kafin a buɗe labule kowannenku ya san mutum nawa ne a ɓangarensa da ba za su iya fita da gudu ba, da inda suke zaune. Wuta na ɗaukewa ƙafarka ta kai ka wajensu. In Allah ya kiyaye gobara ce ba a shiga lif, kuma ƙofar baya da masu kayan kiɗa ke son tara akwatuna a gabanta, ka gan su ka kwashe ko na waye, in sun yi magana ka ce ni na sa ka.

Hutun Magariba ma ka sa ido, wajen alwala tayil ne, in ya jiƙe ko mai ƙafa biyu santsi yake ɗauka balle mai sanduna. A ajiye kujerar roba ɗaya da buta a gefe, a shimfiɗa buhu.

Shi kuma mutumin naku, lambarsa na cikin littafin waɗanda suka kama kujera ta waya. Ka kira shi yau, ba saƙo ba, kira. Kar ka tsaya bayanin niyyarku mai kyau ce, ka ce ranka ya daɗe mun yi kuskure mun taɓa ka ba izini, ka yafe mu, sannan ka tambaye shi in zai sake zuwa ya yake so a yi. Duk abin da ya faɗa ka rubuta ka kawo min, ko zagi ne. Asabar kuma ka zo da ƙarfe uku kafin a buɗe ƙofa, ka taho da tef ɗin awo, na aro keke a wajen wani abokina. Kai za ka zauna a kai, daga inda ake ajiye motoci har tebur ɗin tikiti har kujera har banɗaki, ba wanda zai tura ka, ni ina biye da kai da biro da takarda.