Mayar da Motar Fasinja Ɗakin Kwana a Sanyin Kanada

Tambaya: Assalamu alaikum, Alhaji. Ni ɗan Aboabo ne, shekara 16 ke nan ina aikin bodi a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Ƙanena da ke Toronto ya sayi Ford Transit ta fasinja mai kujera 12, yana so a gyara ta yadda zai riƙa fita da iyalinsa daji su kwana a ciki, ko da lokacin ƙanƙara ne. Zan kai masa ziyara a watan Disamba, ya ce aikin yana jirana. Nufina in cire kujeru, in manna soson katifa a bango da rufi, in toshe duk wata kafa, sannan mu sa ƙaramin murhun gas don ɗumi. Akwai gyara a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Masta. Akwai gyara, kuma na gode wa Allah da ka tambaya tun ba ka hau jirgi ba. Hannunka ba ni da shakka a kansa. Wanda ya shekara 16 yana tayar da trotro, wato motar haya, daga kwarangwal, yanka katako da shimfiɗa gado ba za su gagare shi ba. Abu biyu ne a cikin shirinka suka tayar mini da hankali: toshe kafa da murhun gas. Kowannensu shi kaɗai matsala ne, in kuwa aka haɗa su a mota ɗaya, ana iya wayar gari da gawa.

Duk wutar da ke ci a rufaffen wuri, ta gas ce, ta kananzir ce, ko gawayi a kurfoti, tana cinye iskar da mutum ke shaƙa. Da iska ta fara ƙaranci, sai wutar ta shiga fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa ba abin da zai ji, daga barci sai barci. Yara su take fara kayarwa. Haka nan barin inji yana aiki cikin dare don hitar mota ta ba da ɗumi: dusar ƙanƙara tana taruwa ta toshe bakin salansa, hayaƙi ya dawo ta ƙarƙashin mota. Don Allah, Masta, ka cire murhun nan daga lissafin ɗumi gaba ɗaya.

Abin da za ku sa shi ne hitar iska mai cin mai, irin wadda manyan motocin kaya na Turai ke da ita a ɗakin direba. Kamfanonin Jamus biyu, Webasto da Eberspächer, su suka yi fice a kanta, na biyun a Kanada da Amurka an fi saninsa da Espar. Akwai kuma masu araha daga Sin. Wutarta tana ci ne a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe. Iskar da wutar ke ci daga waje take shigowa ta bututunta, hayaƙin ya fita waje ta wani bututun a ƙarƙashin mota, fanka kuma tana hura iskar ɗaki ta jikin tukunyar ta yi zafi. Iskar numfashi da hayaƙi ba sa haɗuwa ko kaɗan, muddin an ɗaura ta daidai. Mai kilowat 2 ta ishi mota irin wannan in an yi mata rufin tare sanyi mai kyau, kuma man da take sha wajen kwatan lita ne a awa in an ƙure ta. Kada a yaudare ku da cewa babba ta fi. Babba a ƙaramin ɗaki kullum a ƙasa-ƙasa take aiki, sai ta cika da baƙin toka ta daina tashi. Ka tambayi ƙanenka wane mai motar ke sha, don yawancin Transit na can fetur ne. In haka ne, ko ku sayi hita ta fetur, ko ta dizal mai nata ƙaramin tanki daban.

Wurin ɗaurawa ka natsu. Bakin bututun hayaƙi ya fito har gefen mota, nesa da ƙofa da taga, nesa kuma da bututun da ke jawo iska. Hudar da ka yi a ƙasan mota ka liƙe ta da gam mai jure zafi. Kada a taɓa kashe hita ta hanyar cire mata batir, tana buƙatar 'yan mintuna fanka na juyawa kafin ta huce. Sannan a sayi na'urar gargaɗin kabon monoksaid mai batir, a kafa ta kusa da inda kawuna ke kwanciya. In kuɗi bai kai ga hita da na'urar nan ba, a ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu maganar toshe kafa. Mu da muka tashi a Kumasi, sanyin da muka sani shi ne na hunturu, wanda da asuba zai sauko wajen digiri 20 mu ɗauko rigar sanyi, leɓe ya tsage, fata ta yi furu-furu. Busasshen sanyi ne. A can kuwa, cikin mota, ruwa ne zai dame ku. Shekarata ta farko a Hambug ta Jamus, lokacin ina koyon ɗaura hita a wani gareji, na kwana cikin wata mota Sprinter a watan Janairu, na rufe ko'ina ruf. Da asuba na kai hannu rufi sai na ji shi jiƙe sharkaf, ɗigo yana sauka a kan bargona, gilashin gaba kuwa ta ciki ƙanƙara ta yi masa fari fat, da kati na kankare ta. Babu inda ruwan sama ya shigo. Numfashina ne kawai. Mutum ɗaya a dare ɗaya yana fitar da ruwan da ya kai kofi guda ko fiye, ta numfashi da gumi. Ka lissafa da uba da uwa da yara. Murhun gas ma ƙara wa Borno dawaki yake yi, don duk kilo ɗaya na gas da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iska.

Tururin nan duk inda ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma raɓa, kamar jikin kwalbar da aka fito da ita daga firiji. Shi ya sa soson katifa bai dace ba. Zai sha ruwan ya riƙe shi manne da ƙarfe, kai kuwa ka fi ni sanin abin da tsatsa ke yi wa bodi ta ciki, ga kuma gishirin da mutanen Kanada ke zubawa a titunansu don narkar da ƙanƙara yana ci ta waje. Ku nemi abin da ba ya riƙe ruwa: Thinsulate na kamfanin 3M wanda ake yi don motoci, ko gashin tumaki da aka sarrafa don rufi. Su za ka cusa a bango, ƙofofi da silin, ba tare da ka danne su ba, don iskar da ke cikinsu ita ke tare sanyi. Ƙananan hudojin da ke ƙasan ƙofofi da gindin bodi ka bar su a buɗe, ta nan ruwa ke tsiyayewa. Haƙarƙarin ƙarfen da ke tsakanin bango ma ka lulluɓe shi ko da da siririn abu ne, in ba haka ba nan raɓa za ta yi layi. A ƙasa ka shimfiɗa allon kumfa mai tauri, wanda suke kira XPS, mai kaurin milimita 25, ka ɗora filawud a kai. Ramukan notin kujerun da ka cire ka toshe su da kyau, su kam hanyar hayaƙi da ruwan gishiri ce.

Iska kuwa dole a bar mata hanyar shiga da ta fita, ko da sanyi ya kai ina. Fankar rufi a buɗe kaɗan, taga ɗaya ta gaba a sauke kamar faɗin yatsa. Za ka ga kamar ɓarnar ɗumi ce, amma hita tana mayar da shi, kuma busasshen bargo ya fi jiƙaƙƙe ɗumi nesa ba kusa ba.

Motar fasinja tana da nata ciwon da motar kaya ba ta da shi: gilashi ta ko'ina. Gilashi mai falle ɗaya kusan ba ya tare komai, duk rufin da ka yi wa bango ta nan zafi zai tsere. Ka auna kowace taga ka yanka mata marfi daidai bakinta, Thinsulate a tsakiya, yadi ciki da waje, da maganaɗisu a ɗinke a gefe in akwai ƙarfen da zai kama. Wannan ɗinkin, telolin zango za su yi maka shi tsaf in ƙanenka ya aiko da awo, ka tafi da abinka a jaka. Siririyar takarda mai ƙyalli da ake sa wa gilashi don tare rana ita kaɗai ba ta isa ba. Ka kuma rataya labule mai kauri bayan kujerar direba, ya raba gaba da baya. Hattara da gefen rufi sama da tagogi: akwai balan-balan ɗin kariya na haɗari a naɗe a wurin, kada kusa ko katako ya bi ta kansu. Kujerun da yara za su zauna ka bar su yadda kamfani ya ɗaura su, da bel ɗinsu. Kujerar walda irin ta trotro ba ta da wuri a can, kuma ƙanenka ya sanar da kamfanin inshorarsa gyaran da aka yi.

Wutar hita kada ta fito daga batirin tayar da mota. A sa na biyu, mai ma'aunin ajiyar wuta Ah 100, da cajar da ke ɗebo masa wuta daga inji yayin tafiya, da fiyus kusa da kansa. Hita tana jan wajen am 10 na 'yan mintuna lokacin tashi, daga nan ta koma 1 zuwa 3. Ka tuna a ƙarshen Disamba daren Toronto yana kai awa 15, don haka kada a dogara da sola. Batirin litiyam ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da sifili, lalacewa yake yi, saboda haka a cikin ɗaki zai zauna inda ɗumi ke kaiwa.

Famfo da tanki ka manta da su. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu. Jarka biyu a cikin ɗaki sun wadatar, da filas na ruwan zafi wanda za a sirka a buta don alwalar asuba. Girki a yi shi a waje, da gas ɗin furofen, don gas ɗin butan yana daina fitowa daga tukunya da zarar an kai sifili. Lagireto kuma ba a zuba masa ruwa zalla kamar yadda wasunmu ke yi a nan. Rabi ruwa rabi maganin daskarewa, wanda ke riƙewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Tayoyin ƙanƙara, shebur, da jakar barci ta kowa wadda za ta iya riƙe shi ko hita ta mutu tsakar dare. Katifa a ɗora ta kan katakai masu tazara don ƙasanta ya sha iska, in ba haka ba za ta yi funfuna.

In kun gama, daren farko kai da ƙanenka ku kwana a cikinta a ƙofar gida, ba yara. Da safe ka shafa silin, ka ɗaga katifa, ka duba abin da ya rage a batir. Bayan nan fitar farko da iyali ta zama sansanin da ke buɗe lokacin sanyi kuma yana da wutar lantarki, kamar Mew Lake a gandun Algonquin, arewa da Toronto. Can sanyin dare yana iya kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, don haka ku duba hasashen yanayi ku zaɓi mako mai sauƙi, ku kuma riƙe ƙaramar hitar lantarki da doguwar waya a matsayin ko-ta-kwana. Allah ya kai ka lafiya, ka gaishe mini da mutanen Aboabo.