Hawan Dala Ranar Takutaha: Amsar Baffa

Assalamu alaikum, mai sunan Malam.

Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata. Ƙanwarka ce ta karanta mini, ita ce kuma take buga wannan amsar, don idona ya fara gardama da ƙananan rubutu. Ka ce yaranka sun matsa sai ka kawo su gida su hau Dala ranar Takutaha, sai wani abokin aikinka a Abuja ya ce maka hawan nan ragowar bautar Tsumburbura ce aka sauya wa riga. Kana son jin gaskiyar maganar kafin ka yi musu alkawari, kuma ka tambayi yadda aka yi gidaje suka manne wa dutsen haka. Na ji daɗi da ka tambaya. Da yawa sai an faɗa musu magana a ofis su ɗauka su rungume, alhali suna da tsoho a gida.

Abokin naka ya ji ƙamshin tarihi, amma bai shiga kicin ba. Gaskiya ne a gindin dutsen nan Kano ta tsiro, kuma mutanen farko ba Musulmi ba ne. Masu binciken ƙasa sun tono wuraren narka tama a kusa da Dala da suka kai ƙarni na 7, wato maƙera sun riga sarakuna zama a nan. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce wani mutum mai suna Dala ne ya zauna a kan dutsen, sunansa ya bi wurin, kuma daga zuriyarsa aka sami Barbushe, wanda yake kula da Tsumburbura. To ka saurara da kyau a nan. Tsumburbura tana cikin wani wuri ne kewaye da katanga, da bishiya a ciki, ba mai shiga sai Barbushe shi kaɗai. Shi yana zaune a saman dutse, ba ya saukowa sai sau biyu a shekara. Jama'a su taru a ƙasa da baƙaƙen dabbobinsu na yanka, su jira ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai faru. Ka gani? A wancan tsarin mutum ɗaya ne a sama, kowa yana ƙasa yana rawar jiki. Barbushe sauka yake yi, mu hawa muke yi. Ranar Takutaha yaro ɗan shekara 6 da rake a hannu yana tsalle a inda a da ƙato ba ya iya ɗaga ido ya kalla. Ba a yanka komai a can, ba a roƙon kowa, ba a jiran wani ya faɗi gaibu. In wannan ragowar bauta ce, to ban san yadda rushe bauta yake ba.

Kuma tsakaninmu da Barbushe akwai shekaru masu yawa da mutane masu yawa. Bagauda ya zo a 999. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, kuma dutsen nan aka kewaye. Sarki Tsamiya ya fasa katangar Tsumburbura da ƙarfi. A zamanin Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da littattafansu, aka tsayar da salla. Madabo da kake ratsawa in za ka gidan gwaggonka, tsohuwar unguwar malamai ce, har yau akwai sarautar Babban Malami na Madabo. Wato unguwannin da suka fi kusa da dutsen suna cikin waɗanda suka fara jin kiran salla a garin nan.

Ita Takutaha ranar suna ce. An haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar 12 ga Rabi'ul Awwal kamar yadda aka fi sani, mu kuma Hausawa bayan kwana 7 muke suna, sai Kanawa suka riƙi 19 ga wata ranar shagali. A yi girki, a kai wa dangi, yara su sa sababbin kaya, 'yan Islamiyya su yi zagaye. Hawan dutsen ɓangaren yara ne da samari. Maganar ko Mauludin kansa ya dace ko bai dace ba, wannan saɓani ne na malamai, ka san da shi, kuma ba shi ka tambaye ni ba.

Yanzu maganar unguwa, wadda ita ce ta fi yi mini daɗin faɗi.

Da Muhammadu Rumfa ya hau a 1463, sai ya ja gari ya yi kudu. Ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya ƙara faɗin ganuwa. Daga nan mulki ya bar gindin Dala, aka bar mana malamai, maƙera, dukawa da fatake. Larabawan da suke ratso hamada daga Tarabulus da Gadamas a wannan sashen suke sauka, shi ya sa ake da Dandalin Turawa, don a da Larabawa ake kira Turawa kafin na Ingila su ƙwace sunan. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851, aka sauke shi a unguwar Dala, ya hau dutsen ya zana garin daga sama. Ya ƙiyasta mazauna garin kusan 30,000. Ka kwatanta da yau, da Kurna kaɗai za ta haɗiye wannan adadin ba ta sha ruwa ba.

Shi kuwa Goron Dutse, abokin tagwaitakar Dala, shi ma yana cikin birni ta yamma, ɓangaren da aka ƙara jan ganuwa ta Gadon Ƙaya da Kabuga har Kansakali a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wajen 1618 zuwa 1623. Amma zamansa cikin ganuwa bai sa an cika shi da gidaje ba. Da gangan magabata suka kewaye fili mai yawa, don in abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami inda za a yi noma da kiwo a ciki. Wannan filin na gan shi da idona. Muna yara, in ka bar gidajen ƙarshe ka nufi Ƙofar Waika ko Goron Dutse, gonakin gero ne da dawa da kukoki, har tsoron dare ake yi a wajen. Kakarka takan aike mu roron wake a inda yanzu shaguna ne da gidajen bene.

Bari in gaya maka hawana na farko da nake iya tunawa. Babu matakalar siminti a lokacin. Ta wata 'yar hanya da ƙafa ta sassaƙa ake bi, jar ƙasa da tsakuwa, kana dafawa da hannu. Babanka yana gaba, ni ina biye, na sa sabuwar riga ta Sallar Mauludi. Na zame, gwiwata ta daki marmara, rigar ta yi ja har ƙirji. Da muka kai sama kukan ya tsaya da kansa. Ga gari kwance launin ƙasa, soraye da zankwaye, kududdufai suna walƙiya kamar an watsar da madubai. Ga koren tulluwar Babban Masallaci da aka gama a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ga dalar gyaɗa a wajen Ƙofar Mazugal, buhu kan buhu. Ga jirgi yana sauka can arewa maso gabas. Ta yamma kuma tankin ruwa a kan Goron Dutse, inda ake turo ruwan Challawa ya taru, sannan ya gangaro wa gari da nauyinsa. Babanka ya nuna mini wata bishiyar dabino ya ce gidanmu ke nan. Ban yarda ba, don a raina gidanmu ya fi haka girma. Da muka dawo Inna ta ga rigar, abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba.

Waɗannan kududdufan da na ambata, su ne amsar tambayarka ta biyu. Duk gidan da ka gani na ƙasa, daga wani rami aka ɗebo shi. A haƙa, a kwaɓa da ciyawa, a yi tubali, a ɗora azara, a shafe da makuba. Ramin ya zama kududdufi, ya riƙe ruwan da yake gangarowa daga dutse da damina kafin ya bi ta Jakara. Jar ƙasar gindin Dala kuwa magina suna sonta, don haka aka yi ta cin gefen dutsen a hankali. Inda aka haƙa ya yi fili, sai wani ya kafa ɗaki. Ɗa ya yi aure, a yanka masa gefen tsakar gida, jika ya yi aure, a matsa baya. Bayan gidan kuwa dutse ne. Haka aka yi ta matsawa har katangar wasu ta jingina da shi.

Abin ya yi sauri ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, zamanin Audu Baƙo da shekarun kuɗin mai. Kafin nan an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959. Gwammaja ta cika, nan gidan Malam Aminu Kano yake, Mambayya, inda ya zauna har rasuwarsa a 1983. Gonakin yamma aka yanka su filaye, attajirai suka yi manyan gidaje a Goron Dutse, ciki har da Khalifa Isyaka Rabi'u da masallacinsa. Sai unguwannin biyu suka bambanta: can tituna masu faɗi da mota take shiga, mu nan lunguna da in an yi rasuwa sai an karkata makara. A 1989 aka yi Ƙaramar Hukumar Dala.

Abin da yake damuna ba Tsumburbura ba ce, ta mutu tun tuni. Dutsen ne yake ƙarewa. Ruwa yana zaizayarsa, an cike kududdufai an yi gini a kai, don haka ruwan sama ba shi da masauki sai ɗakunan mutane. Shekara uku da suka wuce sai da muka kwana muna kwalfe zaure da bokiti. Wasu sun mai da gefen dutsen juji, wasu makewayi. Gyaransa a ce mutum ɗaya zai yi, ɗaukar Dala ba gammo ne, amma hana yaro zubar da shara bai fi ƙarfin kowa ba.

Ka kawo su. Sun sha ganinsa a hoto a waya, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai dai ku fito da hantsi, kafin rana ta take kuma kafin cunkoso, don da yamma matakalar takan cushe, kuma cikin taron ba a rasa ɓata-gari masu ƙwacen waya. Ka sa musu takalmi mai kama ƙafa, ka riƙe hannun 'yar ƙaramar, kada ka bar su su matsa baki. Ka sa su ƙirga matakalar, su zo su faɗa mini, don ni gwiwa ta hana. In kun kai sama ka nemi dabinon nan ta kudu maso gabas. Yana nan, sai dai wani bene ya tare rabinsa.

Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Ka taho mini da man zafin nan irin na wancan karon.

Baffanka.